Masu Sassauci da 'Yan Gaba-dai-gaba-dai a Jam'iyyar Democrat: Me Ya Raba Su, Me Ya Hana Su Rabuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina bin labaran siyasar Amurka, sai nake jin wai a cikin jam'iyyar Democrat akwai masu sassaucin ra'ayi, akwai kuma 'yan gaba-dai-gaba-dai irin su Bernie Sanders, kuma ba sa ga-maciji da juna. Ni da na ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mahaifina ya ce irin rikicin Santsi da Taɓo ne na PRP. Haka ne? In haka ne, me ya hana kowa ya kama gabansa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka dunƙule wuri guda: mene ne ainihin saɓaninsu, ko kwatancen Baba ya dace, da kuma dalilin da ya sa har yau suke zaune a inuwa ɗaya. Siyasar Amurka na cikin abin da nake koyarwa a darasin kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, kuma ɗalibai kan zo da irin zatonka a farkon zango.

Idan ka tambaye su abin da suke so, bakinsu ya kusa zama ɗaya: kowa ya samu magani, a ƙara wa ma'aikaci albashi, mai kuɗi ya biya haraji mai kauri. Wurin gano cutar ne suka raba hanya. Mai sassaucin ra'ayi yana ganin tsarin ƙasar, daga kasuwa zuwa kotu da majalisa, tushensa na da kyau, ɓaraka ce kawai ake toshewa. Saboda haka ya yarda a yi ciniki da abokin hamayya, a karɓi abin da ya samu yau, a dawo neman saura gobe. Shi kuwa ɗan gaba-dai-gaba-dai yana ganin masu hannu da shuni sun riga sun saye tsarin, har da jam'iyyar tasu, kuma duk gyaran da aka yi da yardar masu kuɗi ba zai taɓa aljihunsu ba. Kusan duk rigimar da kake ji a labarai daga nan take tsirowa.

Inda abin ya samo asali

Tun 1933, da Franklin Roosevelt ya hau mulki ana tsakiyar karayar tattalin arziki, jam'iyyar ta zama gidan masu son gwamnati ta sa hannu a kasuwa don kare talaka. Fanshon tsofaffi na 1935 daga nan ya fito. Lyndon Johnson ya ɗora a kai da dokar haramta wariyar launin fata a 1964, da dokar kare 'yancin jefa ƙuri'a, da inshorar lafiya ta tsofaffi wadda ake kira Medicare, duka a 1965.

Yaƙin Biyetnam ne ya tsaga gidan. A babban taron jam'iyya na Chicago a 1968, 'yan sanda na dukan matasa masu adawa da yaƙin a waje, a ciki kuma manya suka tsayar da Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fitar da gwani ko ɗaya ba. Bayan nan aka sauya ƙa'ida aka miƙa wuƙa da nama ga masu jefa ƙuri'a, su kuma suka ɗauko George McGovern, mai adawa da yaƙin, a 1972. Jiha ɗaya tak ya ci cikin 50. Walter Mondale ma jiha ɗaya ya ci a hannun Reagan a 1984. Wanda bai riƙe waɗannan kaye biyu a ransa ba, ba zai fahimci tsoron da ke zuciyar dattawan jam'iyyar ba. A wurinsu, duk lokacin da aka biye wa masu zafin kai, ƙasa ce ake sha.

Daga wannan tsoro wasu suka kafa wata majalisar tuntuɓa a 1985 don jawo jam'iyyar zuwa tsakiya, kuma Bill Clinton, wanda ya taɓa shugabantarta, ya ci zaɓen 1992. A zamaninsa aka fara aiki da yarjejeniyar ciniki ta NAFTA da Kanada da Meziko, aka yi dokar 1994 mai tsananta hukuncin masu laifi, aka rage tallafin marasa galihu a 1996, aka sassauta wa bankuna takunkumi a 1999. Masu sassauci na cewa ai da haka aka ci zaɓe sau biyu a jere. 'Yan gaba-dai-gaba-dai kuma na karanto wannan jerin a matsayin takardar tuhuma, su ƙara da ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta 2002, wadda Hillary Clinton da Joe Biden da John Kerry suka amince da ita Sanders ya ƙi, da kuma dala biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna a 2008 alhali miliyoyin mutane na rasa gidajensu.

Sanders ya daɗe yana wannan kuka ba mai saurare. Yana cikin waɗanda suka kafa rukunin 'yan gaba-dai-gaba-dai a majalisa tun 1991. Sai a 2016 aka gane yawan jama'ar da ke bayansa, lokacin da ya samu wajen kashi 43 cikin 100 na ƙuri'un fitar da gwani a karawarsa da Hillary, da kuɗin ƙananan masu ba da gudummawa, yana alfahari da cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne. Shekara biyu bayan haka Alexandria Ocasio-Cortez, matashiyar da ke aikin gidan abinci, ta kayar da Joe Crowley, ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar a Majalisar Wakilai. Abokan tafiyarta Ilhan Omar da Rashida Tlaib da Ayanna Pressley duk a zaɓen 2018 suka shigo majalisar.

Lafiya da aljihu

Batun magani ya fi kowanne nuna bambancin. A Amurka, sama da mutum miliyan 150 ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, wato ranar da aka sallame ka daga aiki, ranar katin asibitinka ya fara tangal-tangal. Dokar Obama ta 2010 ta bar kamfanonin inshora a wurinsu, ta hana su korar mai tsohuwar cuta, ta ba masu ƙaramin ƙarfi tallafin sayen inshora. An so a haɗa da inshorar gwamnati da za ta yi gogayya da ta kamfanoni, amma aka cire don samun ƙuri'ar Sanata Joe Lieberman. Mai sassauci zai ce maka miliyoyin mutane sun samu magani ta wannan doka, kuma da an dage sai an samu duka, da an tashi a tutar babu. Sanders da mutanensa na son gwamnati ce kaɗai za ta riƙa biyan kuɗin maganin kowa, a kawar da kamfanonin daga tsakiya. Hujjarsu ita ce ƙasar na kashe wajen kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma har yanzu akwai miliyoyin da ba su da inshora.

Abin da ya faru a 2021 ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka ga halin kowa. Majalisar Dattawa ta rabu 50 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ce ke raba gardama, don haka sanata ɗaya ya isa ya tsayar da komai. A watan Maris Sanders ya kawo ƙudurin ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, daga dala 7.25 da yake tun 2009. Sanatoci takwas daga ɓangaren Democrat suka ƙi. Ɗaya daga cikinsu, Kyrsten Sinema, ta tako gaban akawun majalisa ta juya babban yatsanta ƙasa, hoton ya zagaye intanet, kuma har ta bar majalisa ba a yafe mata ba.

Daga nan aka zo kan manyan ƙudurori biyu na Biden. Ɗaya na tituna da gadoji da ruwan sha ne, na dala tiriliyan 1.2, wanda har wasu 'yan Republican ke so. Ɗayan na renon yara da lafiya da sauyin yanayi ne, aka fara maganarsa a kan tiriliyan 3.5. 'Yan gaba-dai-gaba-dai suka ce ba za su saki na farko ba sai an haɗa da na biyu, don sun san da zarar sanatoci masu sassauci Joe Manchin da Sinema sun samu nasu, shi ke nan. Aka yi watanni ana kai ruwa rana. A daren 5 ga Nuwamba yawancinsu suka sakko bisa alkawari, mutum shida suka ƙi, 'yan Republican 13 suka cike gurbin, dokar tituna ta wuce. Ba a rufe shekara ba Manchin ya fito a talabijin ya ce shi kam ba zai goyi bayan na biyun ba. Mutum shidan nan suka ce ai mun faɗa. Amma a Agustan 2022 shi dai Manchin ɗin ya amince da wata doka mafi ƙanƙanta, wadda ta zuba kuɗi mai yawa a makamashi mai tsafta, ta ba gwamnati ikon yin cinikin farashin wasu magunguna, ta ƙayyade wa tsofaffi kuɗin allurar ciwon suga a dala 35 a wata. Sai masu sassauci su ma suka ce ai mun faɗa. Har gobe kowane ɓangare da wannan labarin yake kafa hujja.

'Yan sanda, launin fata da Gaza

Akwai wani saɓanin da ba na kuɗi ba. Mai sassauci na asali ya ɗauki 'yancin faɗar albarkacin baki da daidaita kowa a gaban doka a matsayin abin da ba a taɓawa. Da yawa daga 'yan gaba-dai-gaba-dai, musamman matasan jami'o'i, na ganin daidaito a takarda bai wadatar ba idan tarihi ya riga ya danne wasu, sai an duba launi da jinsi wajen rabon dama, an kuma ja wa mai kalaman cin zarafi birki. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a Mayun 2020, taken a janye wa 'yan sanda kuɗi ya bazu. Da aka kai maganar akwatin zaɓe a Nuwamban 2021, mutanen Minneapolis ɗin da kansu suka ƙi amincewa a rushe rundunar 'yan sandan birnin a kafa wata hukuma. A 2022 kuma birnin San Francisco, inda ɗan Republican ba ya kai labari, ya tsige babban mai gabatar da ƙara Chesa Boudin bisa zargin sakaci da masu laifi.

Gaza ce ta fi zafi a 'yan shekarun nan. Amurka na ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016, zamanin Obama. Bayan Oktoban 2023 Biden ya tsaya a kan tsohon layin jam'iyya, 'yan gaba-dai-gaba-dai suka nemi a tsagaita wuta a kuma sa sharaɗi a kan makamai. A zaɓen fitar da gwani na Michigan a Fabrairun 2024, fiye da mutum 100,000 suka jefa ƙuri'ar ba mu da gwani don nuna fushinsu. A watannin Yuni da Agustan shekarar, 'yan majalisa biyu 'yan gaba-dai-gaba-dai, Jamaal Bowman da Cori Bush, suka rasa kujerunsu a hannun 'yan jam'iyyarsu, bayan da asusun kamfe mai alaƙa da AIPAC, ƙungiyar da ke kare muradun Isra'ila, ya kashe miliyoyin daloli a kansu. Amma ruwan na sauya hanya: a Yulin 2025, sanatoci 27 daga ɓangaren Democrat suka goyi bayan wani ƙudurin Sanders na hana sayar wa Isra'ila wasu makamai, wato fiye da rabinsu.

Ina jan hankalin ɗalibaina a nan, domin saboda Gaza da yawansu kan ɗauka 'yan gaba-dai-gaba-dai namu ne. A batun zubar da ciki da auren jinsi, ɓangarorin biyu layinsu ɗaya, kuma 'yan gaba-dai-gaba-dai sun fi ɗaga murya. Majalisar garin Hamtramck a Michigan, wadda dukan 'yan cikinta Musulmi ne, ta hana kafa tutar 'yan luwaɗi da maɗigo a gine-ginen hukuma a 2023, kuma waɗanda suka fi sukar matakin su ne abokan tafiyarsu na jiya. Magajin garin ya mara wa Trump baya a 2024, kuma Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn mai yawan Larabawa.

Santsi da Taɓo

Ka gaishe da Baba, ya hango wani abu na gaske. A PRP ma mutanen da suka yarda da 'yantar da talaka ne suka saɓa a 1980 kan dabara da kuma wa za a zauna da shi: gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa a gefe guda, Malam Aminu Kano da shugabancin jam'iyya a ɗaya gefen, kowa na zargin ɗan'uwansa da sauka daga aƙida. Inda kwatancen ya tsaya shi ne ƙarshen labarin. A PRP uwar jam'iyya na da ikon kora, ta kuma yi amfani da shi, akwai kuma wasu jam'iyyun da za a koma, shi ya sa Rimi ya tafi NPP a 1983 ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo.

A Amurka babu ofishin da zai kori ɗan siyasa ya hana shi takara. A yawancin jihohi hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da zaɓen fitar da gwani, duk wanda ya cika sharuɗɗa sunansa zai hau takarda, talakawa ne kuma ke zaɓa, babu daliget ɗin da za a kwana da su a otal. Sanders kansa ɗan majalisa ne mai zaman kansa, yana kiran kansa ɗan gurguzu mai bin tafarkin dimokuraɗiyya, amma sau biyu ya nemi tikitin jam'iyyar ba wanda ya iya tare shi. Ficewa kuwa kashe kai ce, tunda kowace kujera wanda ya fi ƙuri'a ke ɗauka, na biyu da na uku ba su da komai. Ba su manta da 2000 ba: George Bush ya kayar da Al Gore na Democrat a Florida da ratar ƙuri'a 537, alhali Ralph Nader na jam'iyyar Green ya kwashi sama da 97,000 a jihar. Da a Jamus ne ko Holan, inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, da tuni jam'iyya biyu ne ko uku. Ocasio-Cortez da bakinta ta taɓa cewa a wata ƙasar da ba za ta zauna jam'iyya ɗaya da Biden ba. Zaman 'yan marina ne dai, dokar zaɓe ta tilasta shi.

Wa ke da gaskiya?

Ra'ayina ke nan, kana iya saɓa mini. A kan tattalin arziki, 'yan gaba-dai-gaba-dai sun fi kusa da zuciyar talakan Amurka fiye da yadda manyan jam'iyya ke yarda. Jihar Florida ta zaɓi Trump a 2020, a rana guda kuma ta amince da albashin dala 15 da sama da kashi 60 cikin 100. Missouri ta yi irin haka a 2024. Ƙorafinsu kan kuɗi ma ba ƙage ba ne, musamman tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a harkar zaɓe.

Inda suke tuntuɓe shi ne zaton cewa akwai wata rundunar matasa da talakawa da ke jiran a kira ta da babbar murya ta fito. A 2020 Sanders ya fara da ƙafar dama har Nevada, sai aka zo South Carolina, inda dattawan baƙar fata masu zuwa coci suka bi kiran Jim Clyburn, babban ɗan majalisa daga jihar, suka ɗaga Biden, sauran 'yan takara masu sassauci suka janye masa, cikin kwanaki aka gama. Mutanen da 'yan gaba-dai-gaba-dai ke cewa suna yi dominsu sau da yawa sun fi su taka-tsantsan. Ga kuma taswira: kowace jiha sanata biyu take da su, Wyoming mai ƙasa da mutum 600,000 daidai take da California mai kusan miliyan 39, kuma yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60 suke wucewa a Majalisar Dattawa. Manchin ya ba su ciwon kai, amma da ya bar kujerar West Virginia, ɗan Republican ne ya hau. Masu sassauci kuma nasu laifin shi ne tsoro ya yi musu yawa har ba a san abin da suka tsaya a kai ba, kuma Harris, wadda ta bi layinsu a kamfen ɗin 2024, ta rasa dukan jihohi bakwai da ake fafatawa a kansu.

Dubi 4 ga Nuwamban 2025. Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, ɗan gurguzu, ya zama Musulmi na farko da aka zaɓa magajin garin New York, da alkawarin bas kyauta da daskarar da kuɗin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade wa farashi, ba tare da jagoran sanatocin jam'iyyarsa Chuck Schumer ya fito ya mara masa baya ba. A daren kuma Abigail Spanberger ta ci gwamnan Virginia, Mikie Sherrill ta ci na New Jersey, dukansu masu sassauci da suka shigo majalisa shekara ɗaya da Ocasio-Cortez. Kowane ya ci a filin da ya dace da shi, kuma dukan ukun a kan tsadar rayuwa suka yi kamfe.

A aji nakan raba wa ɗalibai jerin ƙuri'un da 'yan majalisa suka jefa, na rufe sunayen, na ce su ware mini ɓangarorin. A mafi yawan ƙudurori ba sa iyawa, don tare suke jefawa. Sai an zo kan makamai da kasafin soja, ko bankuna, ko ciniki da ƙasashen waje, ko inshorar lafiya, sannan layin ke fitowa. Kai ma idan kana son gane ɗan siyasa, ka duba waɗannan, ka duba wa ke ba shi kuɗi, ka kuma duba ko mazaɓarsa ta gado ce ko ta fafatawa, domin wanda ba ya tsoron ɗan Republican shi ke da sararin ɗaga murya.

Sai dai wannan rabo gida biyu yana da iyaka. Kowane rukuni na da wajen mutum ɗari a Majalisar Wakilai, kuma akwai masu rajista a duka biyun. Biden da aka zaɓa don sassaucinsa shi ya naɗa Lina Khan, wadda manyan kamfanoni ba sa ƙaunar jin sunanta, ta shugabanci hukumar sa ido kan ciniki. Sabuwar muhawarar da ta taso kan tsadar gidaje, ko a sassauta ƙa'idojin gini a yi ta ginawa ko a ƙayyade haya, ta ratsa ta tsakiyar kowane ɓangare. Wanda zai riƙe tutar jam'iyyar a 2028 kuwa, wannan bayanin ba zai faɗa maka ba. Abin da ya fi dacewa ka sa wa ido kafin lokacin shi ne jadawalin zaɓen fitar da gwani. A 2024 jam'iyyar ta sa South Carolina a gaba a maimakon Iowa da New Hampshire, inda Sanders ya saba yin ƙarfi, kuma jihar da ta fara zaɓe tana da babban tasiri a kan wanda zai rage a fili bayan wata guda.